Tsohuwar Birinya da Kwas ɗin Maman Dogara

Karatuna a aji uku ya tsaya, don haka masu digiri su yi haƙuri, sauran ilimin a bakin murhun kakata na same shi, can Kagoro. Da an gama cin tuwon acca sai ta tura itace cikin wuta, mu jikoki mu matso har ƙafafunmu su yi furu-furu da toka. Da yarenmu take ba da labarin, ni na mai da shi Hausa.

Ta ce wata shekara ruwa ya ƙafe a kan dutse, birai suka shirya zuwa wurin dabgi, gwanin tona ƙasa, su koyi haƙar rijiya. Suka ce tsohuwar birinya ta zauna gadi, tunda haƙoranta sun zube, koyo ba nata ba ne. Ta bari suka yi nisa, ta bi bayansu tana ɗingishi, ta koya.

Muka tambaya ko ita ce ta ceci garken daga baya.

"Ba ta ceci kowa ba," in ji Kaka. "Ta haƙa tata ta sha. Ku a ganinku tsoho ba ya jin ƙishirwa?"

A lokacin na raina labarin, na ce ba shi da ƙarshe.

Bayan na bar aikin reluwe a Kafanchan, aka ce malaman firamare su je kwas lokacin hutu su ƙaro takarda. Matata, Maman Dogara, malama ce, amma ritayarta ta ƙarato. Hedimasta ya ce ta bar wa matasan malamai gurbin, kamar yadda ya riga ya mayar da ita mai raba kunu a taron malamai. Na sa tsohon kwat ɗina na raka ta ofishinsa, a matsayin ɗan rakiya marar baki.

Ya tambaye ta cikin ladabi wa takardar za ta amfana yanzu.

"Ɗana," ta ce, "ran da na koya maka riƙe fensir ban tambaye ka haka ba. Ni za ta amfana. Sa hannu."

Ya sa. Ta ɗauki katifarta ta tafi, ta zauna benci ɗaya da waɗanda ta taɓa share wa majina. Ni kuwa na zauna gida ina ƙona tuwo da dukan mutuncina.

Sai da na yi furfura na gane Kaka. Yaro ba a tambayarsa dalilin koyo, tsoho ne kullum sai ya kawo hujja. Duk mai son jin amfanin kwas ɗin ya zo gida ya tambayi Maman Dogara da bakinsa. Shawarata ya ci abinci tukuna, domin amsar doguwa ce, kuma da Turanci.