Kurɓin Farko a Gonar Baba

A ƙauyenmu, can bayan Gabi, ba a tambayar mutum ko yana shan giya, sai dai a tambaye shi ƙwarya nawa. Mu arna ne tun kakanni, kuma duk gidanmu ni kaɗai na fito ba na sha. Ba wa'azi na ji ba, ba likita ne ya hana ni ba. Na ɗanɗana sau ɗaya, ba ta yi mini ba, na ajiye ƙoƙon. Wannan bayani bai taɓa gamsar da kowa ba. Dangi suka ce na musulunta a ɓoye. Musulmin ƙauyen ma haka suka ɗauka, har liman ya fara tsawaita gaisuwa in mun haɗu. Goggo kuwa, ƙanwar babana, wadda ke dafa giyar gidan, ta ce ciwon ciki ne, ta shekara tana jiƙa mini saiwoyi.

Wata damina baba ya faɗo daga rumbu ya karye a cinya. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar, ya ce kada ya motsa sai bayan kwana arba'in. Ciyawa ba ta ji wannan magana ba, ta taso har ta fara rufe gero, gonar nan kuwa ita ce tuwon gidan na shekara. Ni kaɗai ba zan iya nome ta ba, sai na kira gayya. Goggo ta dafa giya tulu biyar, maza suka zo da hauyoyinsu tun da safe, kafin rana ta take an ci rabin gona.

Sai aka zauna ƙarƙashin gawo, dattijon da ke jan gayyar ya cika ƙoƙo ya miƙo mini. A al'adarmu mai gona ne ke fara kurɓa daga kowane tulu a gaban jama'a, don a ga ba a zuba wa kowa komai a ciki ba. Na sha zuwa gayya, amma kullum ina can wajen fura, ban taɓa lura ba.

Na ce wa dattijon, "Baba, ai kun san ba ni sha."

Ya ce, "Mun sani. Mu ma ba mu shan abin da mai shi ya ƙi."

Goggo ta matso ta raɗa mini, "Jiƙa leɓe kawai, ɗan nan, wa za shi auna?"

Gaskiya ta faɗa. Amma idanu sun yi mini yawa, har wani na cewa yau za a ga ƙarshen malam. Haushi ya kama ni, na ajiye ƙoƙon a ƙasa. Kunya na ji kamar in nutse, taurin kai kuma ya hana ni sunkuyawa in ɗauka. Maza suka fara saɓa hauyoyinsu, ba faɗa, ba zagi, har da yi mini sannu da aiki.

Ban ga tafiyar goggo ba. Sai ga ta ta dawo, maza huɗu na biye da ita ɗauke da baba a kan ƙyauren ɗakinsa. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Aka ajiye shi a inuwa, ya sa aka ɗebo daga tulu biyar ɗin, ya kurɓa ɗaya bayan ɗaya, ya goge baki.

Ya ce, "Gonag ga tawa ce. Yaron ga ba shi sha, tun can ba shi sha. Wanda yag ga laihi shi zo shi hwaɗa mini."

Ba wanda ya zo. Aka sha, aka koma aiki, kafin la'asar an gama gonar. Geron ya yi kyau a shekarar.

Da mai ɗori ya kwance ƙafar, ya tarar ƙashin ya goce a hanyar gona, ya haɗe a karkace. Baba bai taɓa ɗora mini laifin ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya yi shekara tara yana jan ƙafar zuwa gona, ni ina biye da shi, ina rage sauri don kada in wuce shi.