Gudiya da Mariƙin Jan Ƙarfe

Gudiya mutuniyar Fagada ce, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta iya zama wuri ɗaya. Tana budurwa ta yi aikin tsintar albasa a Aliero. Bayan aure ta soya waina a tashar Jega, ta bari, ta kama dakau, shi ma ta bari.

Mijinta Sabo mahauci ne. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi wuƙa ta yanke shi a tafin hannu, aka ɗinke a wani asibiti, ya koma gida. Sai ciwon ya yi ruwa, hannun ya kumbura har gwiwa. Da ƙyar aka shawo kansa, amma yatsu biyu sun sandare. Wata nas ta ce mata wataƙila a asibitin ya ɗauko ƙwayar cutar. Maganar ta tsaya wa Gudiya a rai.

Da aka nemi mai shara a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Jega, ita ta fara zuwa. Takan goge ƙasa, ta goge gadaje, ta dawo ta sake goge inda ta goge. Masu jinya har tsokanarta suke yi, wai wata rana za ta goge majinyaci.

Akwai mai awon jini a asibitin, Malam Mu'azu, saurayi mai yawan karance-karance. Ya karanta cewa jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin cutar da suka sauka a kansa, har da mitsi-mitsin nan masu kawo mura, ya ce sai ya gwada da kansa. Likita ya yarda. Aka kira Isiyaku maƙeri ya lulluɓe mariƙin ƙofa da ƙarafan gadajen ɗakin mata da jan ƙarfe, aka bar na ɗakin maza da farin ƙarfensu.

"Inna Gudiya," in ji Mu'azu, "yadda kike goge wancan, haka za ki goge wanga. Ruwa da sabulu, shi ke nan."

"In shi ka kashe cutar, ni mi ne amfanina?"

"Shi muka son mu gani."

Kullum da hantsi yakan shafa tsinke mai auduga a jikin ƙarafan, ya goga a cikin wasu ƙananan faranta masu murfi, ya ajiye su ya ga abin da zai tsiro. Gudiya ba ta bar shi ya huta ba. Ko ruwa ta je ɗebowa sai ta leƙa ta tambaya ko an ga wani abu.

Ba a daɗe ba jan ƙarfen ya fara dusashewa, ya yi baƙi-baƙi inda hannu ke yawan taɓawa. A idon Gudiya wannan dauɗa ce. Ta dirje shi da toka da tsamiya ya yi ƙyalli, kwana kaɗan ya sake rinewa. Sai ta tuna yadda Sabo ke shafa wa wuƙaƙensa mai don kada su yi tsatsa. Ta sayo basilin, ta riƙa shafawa siriri kowace safiya.

Farantan ɗakunan biyu suka cika da ɗigo-ɗigo iri ɗaya. Mu'azu ya rasa gane kan abin, ya je maƙera ya ce wa Isiyaku ko ya gauraya ƙarfen ne. Isiyaku ya fusata, ya biyo shi asibiti da guduma a hannu, ya ce a ɓamɓare masa kayansa. Yana kama mariƙin ƙofar, hannunsa ya zame. Ya dubi tafinsa, ya miƙa wa Mu'azu.

"Wa ya shafa mai ga ƙarfena?"

"Ni ce," in ji Gudiya daga bakin ƙofa. "Baƙi shikai."

Mu'azu ya ce, "Inna, kin sa mashi riga. Cutar ba ta taɓa ƙarfen ba, bisa mai ta zauna."

Ranar ba ta ci abinci ba. Ta dafa ruwa ta wanke ƙarafan tas, aka sake gwajin daga farko. Wannan karon ta bar baƙin, ko da yake in za ta wuce sai ta kau da kai.

Farantan ɗakin mata suka fito da ɗigo kaɗan, na maza fal. Gudiya ta so a sauya kowane ƙarfe a asibitin washegari. Mu'azu ya ce da saura, domin na'urarsa ta duba ƙwayoyin cuta ba ta ganin masu kawo mura, sai an aika samfur babban ɗakin gwaji a wani gari. Aka aika. Ta yi ta tambaya har damina ta wuce, amsa ba ta zo ba. Shi kuma ya sami gurbin ƙaro karatu ya tafi.

Ita ma ba ta daɗe ba. Ƙanwarta ta samo mata aiki a wani ɗakin shan magani a Maiyama, suka tattara da Sabo suka koma. Ƙofofin wurin duk na katako ne. Tun ba ta san sunayen ma'aikatan ba ta fara bin jami'in wurin tana tambayarsa ko akwai maƙeri a kusa.