Kwana Tara Ina Gaba da Alhaji

Ni mai saurin hawa ce, kowa a layinmu zai ba da shaida. Shekara da shekaru ina suyar waina a ƙofar gidanmu a unguwar Hausawa ta Anacha, kuma ba wanda ya taɓa taɓa min tanda ya tafi bai ji bakina ba. Amma fushin da ya fi ba ni kunya shi ne wanda na yi da bakina a rufe.

A wanka na fara jin ƙullutun a mamana na hagu. Na ce maruru ne, zai fashe. Bai fashe ba, sai ma kaluluwa da ta fito min a hammata. Da aka kai ni asibiti suka tsakuri naman da allura suka auna, likita ya ce sankarar mama ce. Na yi kuka, na yi salati, na karɓi ƙaddara. Sai ya ce akwai sauran awo ɗaya da zai nuna wace iri ce, in sakamakon ya fito mu kai babban asibiti a Inugu.

Ni kaɗai na hau okada na je karɓa, don ranar Alhaji, maigidana, yana Kasuwar Relief ana sauke masa albasa. Yarinyar da ke bayan taga ta leƙa takardar ta miƙo min, ta ce, “Mama, e dey positive. Carry am go Enugu.” Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma ina gane harafi. Na ga baƙaƙe sun fara da H, na ga fositib a gabansu. A unguwarmu in aka ce wance fositib ce, murya ake ragewa, kuma ciwo ɗaya ake nufi, ƙanjamau.

Kafin okada ta sauke ni na gama shari'a na yanke hukunci. Ni ban san wani namiji ba sai Alhaji. Shi kuwa falke ne, yakan bi mota daga tashar Upper Iweka zuwa arewa ya yi sati biyu. To wa ya kwaso? Na ninke takardar na tura cikin kwalla ƙarƙashin zannuwana. Na daina suya. Na ware jan kofin roba da cokali na ce nawa ne, kada kowa ya taɓa. In ya ce, “Hajiya, ya jikin?” sai in ce, “Da sauƙi,” in juya masa ƙeya. Abinci kuwa dangwarar masa da shi nake yi. Har na ƙudura ba zan je Inugu ba. Gara sankarar ta kashe ni da mutuncina da a karanta min wancan ciwon a gaban mutane. Kaluluwar tana ƙara girma ina ji, ina shiru.

Kwana tara muka yi a haka. Ran na goma, ranar da likita ya ba mu ta zuwa Inugu, ya ɗauko shatar mota ya tsaya a bakin ƙofa. Alhaji mutum ne mai sanyi, amma ranar cewa ya yi, “Hajiya, ɗauko takardar nan, ki sa mayafinki.” Ban tsaya tunanin yadda ya san na karɓo ta ba. Na shiga mota ina huci, na ce a raina gara ma a yi ta a gaban likita.

Likitar 'yar ƙabilar Ibo ce, ta yi bautar ƙasa a Gusau, tana da Hausa mai ɗingishi amma mai kai saƙo. Ko gama buɗe takardar ba ta yi ba na ce, “Likita, ga shi nan zaune. Ki tambaye shi inda ya kwaso ya kawo min.”

Ta dube ni, ta dubi Alhaji. Ta ce, “Ya kwaso mene?”

Na faɗi sunan ciwon. Ta ajiye biro, ta juyo da takardar gabana ta bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Mama, wannan HER2 ne. Ba ƙanjamau ba ne, ko hanya ba su haɗa ba. Ba a ɗaukarsa a jikin kowa.”

Sai ta zana da'ira a bayan wata takarda. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana da 'yan kunnuwa a bayanta da take jin saƙon jiki da su. In saƙo ya zo cewa a ƙaru, sai ƙwayar ta rabu biyu, in ya ɗauke ta tsaya. Ta ce ƙwayoyin sankarata kunnuwan ne suka yi musu yawa fiye da kima. Ta cika da'irar da kunnuwa har ba wurin sa biro. Ko an yi raɗa, su ihu suke ji, wani lokaci ma ba a ce komai ba su dinga rabuwa. Shi ya sa ƙullutun ya yi saurin girma, shi ya sa wasu ƙwayoyin suka ɓalle suka sauka a hammata. Fositib ɗin ma'anarsa an duba an ga kunnuwan, shi ke nan.

Na ce, “Ashe ciwon nawa ma magulmaci ne.”

Ta yi dariya ta ce irin wannan yana da gaggawa, ba ya son jinkiri, amma sanin hakan alheri ne, don akwai maganin da aka yi musamman don ya toshe kunnuwan. Wallahi ji na yi kamar an sauke min buhun albasa daga ka. Ina ɗauke da sankara, amma murmushi nake yi har likita ta sake tuna min cewa aiki na gaba.

Aikin kuwa an sha shi. An yi min ƙarin ruwan da ya kwashe min gashi, an yanke maman, sannan kusan shekara muna zuwa Inugu duk bayan sati uku ana sa min maganin toshe kunnen, ana duba zuciyata. Yanzu duba ni kawai ake yi, kuma tandata ta koma kan wuta.

Amma a hanyar dawowa ta ranar farko ne na sha kunyata. Muna isowa Upper Iweka muka maƙale a cunkoso. Na kasa haƙuri na ce, “Alhaji, ka yafe ni. Amma ya aka yi ka san takardar na wurina?”

Ya ce tun rana ta biyu ya gan ta, ya buɗe kwallar neman katin asibiti. Bokonsa bai fi nawa ba, shi ma ƙanjamau ya karanta.

Na ce, “To me ka ɗauka? Daga ina na samo?”

Ya ce, “Jinin da aka ƙara miki a haihuwar auta. Me kuma zan ɗauka?”

Na rasa inda zan sa fuskata. Sai a lokacin na tuna kullum da safe nakan tarar da jan kofina a jiƙe a kan randa, har na yi ta zagin wanda ke taɓa min kaya. Na tambaye shi. Yana kallon motocin da ke gabanmu ya ce, “Ni ne nake shan ruwa da shi. Na ga kin ware kanki, ban san yadda zan gaya miki cewa babu inda za ni ba.”