Ranar da Hedimasta Ya Waiwayi Layinsa

Na karanta labarin daulolin da suka tashi suka faɗi, na haddace sunayen sarakunan da suka yi rikicin gadon mulki har na ci jarrabawa da su, amma yau in an tambaye ni, rabinsu sun bi ruwa. Gwagwarmayar neman mulki ɗaya ce tak na tabbata za ta raka ni har kabari, wato takarar da mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya yi ta kujerar kansilan mazaɓarmu, can gefen Bulabulin. Kujera ce da ba ta zuwa da mota, ba ta zuwa da ɗan sanda, mai ita ma a keke mai ƙafa uku yake zuwa ofis. Amma a gidanmu, wata uku cur, in ka ce akwai wata kujera a ƙasar nan da ta fi ta, to ka nemi inda za ka ci tuwo.

Lokacin Maiduguri tana cikin shekarun nan da kowa ya sani. An hana hawa babur, ko masallaci za ka sai samarin unguwa masu gora sun lalube ka. Waɗanda suka jefa mu cikin wannan hali ba a kiran sunansu, "yaran nan" ake cewa, a kuma rage murya. Ni na gama karatu ina zaune a gida, ina jiran aikin da shi ma, da alama, dokar hana fita ta rutsa da shi a hanya.

Baba ya shekara talatin da biyu yana koyarwa a firamaren unguwarmu, rabinsu yana hedimasta. Ya yi ritaya, amma sunan ya ƙi yi. Duk wanda ya girma a unguwar, daga limami har mai faci, ta hannunsa ya bi. Sai ga shi an rufe makarantar, an sauke mutanen ƙauyuka da suka gudo a cikinta, kowane aji iyali biyar ko shida, an raba tsakani da buhuna. Baba ya koma zuwa kullum da safe kamar da. Ya kwashe tabarmin gidanmu ya kai musu, ya tsara wa ke ɗibar ruwa da hantsi wa ke ɗiba da la'asar, ya roƙe su kada su fasa bencina su yi girki da su. Suka so shi ƙwarai. Amma yaran unguwa sun shiga shekara ta biyu babu aji, suna yawo da tallan ruwan leda, wannan kuwa shi ne ƙayar da ta tsaya masa a wuya. Ya rubuta wasiƙu har biro ya gaji, ba amsa. Da aka sanar za a yi zaɓen ƙananan hukumomi, sai ya yanke shawarar cewa kansila ne kaɗai ke da bakin da zai nema wa baƙin nan fili a yi musu matsuguni, yara su koma aji.

Umma Bakanuwa ce, shekara talatin a Borno ba su dusashe mata harshe ba. Tana sa turaren wuta ya faɗa mata.

"Malam," ta ce, "a wannan zamanin da masu rawani ke ɓoye rawaninsu a ƙarƙashin gado, kai ne za ka fita neman hula?"

"Haba Hajiya, wa zai ɓata harsashinsa a kan kansila?"

"To, wa zai ɓata ƙuri'arsa?"

Ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake ce mini. "Uwata, ke ce daraktar kamfen." Dalilinsa biyu ne: ina da kyawun rubutu, kuma ina iya shiga cikin gida wurin mata.

Haka muka zagaye mazaɓar. Ni in shiga ciki in sha shayi in yi bayani, shi ya tsaya a majalisar maza a gindin bishiyar dogon yaro ya yi jawabi. Jawabin Baba darasi ne, akwai gabatarwa, akwai na farko da na biyu da na uku, a ƙarshe ya ɗaga gira ya ce, "An gane?" Sai ka ji magidanta masu furfura sun amsa baki ɗaya, "E, Malam!" Shi a ganinsa goyon baya ne. Ni da na yi aji shida a hannunsa na san tsoro ne da ya tsufa bai mutu ba.

Abokin hamayyarsa a jam'iyya dillalin bandar kifi ne, mutum mai fara'a da ƙaton ciki, wanda shi ma ɗalibin Baba ne, har ma ya ji daɗin aji uku ya zauna sau biyu. Duk Juma'a sai ya zo gaisuwa. Tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Malam, wushe," ya nemi a sa masa albarka a kan takarar. Baba kuwa ya sa masa, da zuciya ɗaya. Umma tana leƙe ta taga tana cewa ba ta taɓa ganin kaza tana wasa wa mahauci wuƙa ba sai a gidanta.

Zaɓen fid da gwani ƙato bayan ƙato za a yi. Ba akwati, ba takarda. Ɗan takara ya tsaya a gaba riƙe da hotonsa a ƙirji, ya ba jama'a baya, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi a ƙirga kawuna. A bisa doka sai ɗan mazaɓa, mai katin jam'iyya, wanda ya cika sha takwas. A bisa al'ada kuwa, duk mai kai a wuya. Da safen ranar, Umma ta gyara wa Baba zaman hula, ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙonka. Duk abin da ka ji a bayanka, kada ka waiwaya." Ta san mijinta.

A filin makarantar aka yi, filin da ya shekara da shekaru yana tsayar da yara asambuli. Aka lalube kowa a ƙofa, aka shiga. Baba ya tsaya a dama, mai kifi a hagu. Ni ina gefe ina kallon layi yana tsiro. Tsofaffin ɗalibai suka zo, mata da laffaya kala-kala suka zo, layin biyu suna tafiya kunnen doki. Can sai ƙofofin azuzuwa suka buɗe. Baƙin nan suka fito, maza da mata, wani tsohon Bulama, wato mai unguwar ƙauyensu, yana gaba da sandarsa. Ba wanda ya kira su. Suka wuce shiru suka tsaya a bayan Baba. Layinmu ya miƙa har ya lanƙwasa ta gefen rijiya. Na dubi mai kifi, na ga yana share gumi da hotonsa. Wallahi a zuciyata har na fara tunanin kalar laffayar da zan sa ranar rantsuwa.

Sai hayaniya ta tashi a tsakiyar layinmu, samari suna ture-ture suna dariya. Na ga kafaɗar Baba ta motsa. Na ga ya daure. Wani ya yi fito. Shi ke nan, shekara talatin da biyu suka rinjayi nasihar Umma. Ya juya, ya soka hoton a hammata, ya tafa hannu sau biyu.

"Wannan wane irin layi ne? A miƙe!"

Filin ya yi tsit. Ba layinmu kaɗai ba, har na hamayya ya miƙe. Da idona na ga mai kifi ya haɗe ƙafafu ya sauke hannuwa.

Da a nan ya tsaya, da an yi dariya an wuce. Amma Hedimasta in ya juya ga layi, sai ya duba shi. Ya goya hannu a baya ya fara takawa. Ya tsaya gaban wani dogon saurayi mai ɗan gashin baki.

"Kai, shekararka nawa?"

"Ashirin, Malam."

"Ashirin? Ni na ɗauke ka aji ɗaya. Na ce ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunne, bai kai ba, uwarka ta yi kuka na karɓe ka. Sha shida gare ka. Fita."

Ya fita, yana sosa ƙeya. Bayansa wasu bakwai suka bi, wasu tun kafin a iso kansu. Jami'in da aka turo ƙirga ya matso da sauri, "Ranka ya daɗe, ni fa kawuna nake ƙirgawa, ba haihuwa ba." Baba ya ce, "Kai ka ƙirga, ni zan tace." Na ruga na kama hannun rigarsa, na raɗa masa, "Baba, dubi wancan layin, rabinsu 'yan aji shida ne!" Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, malami ba ya shiga ajin wani."

Sannan ya isa kan baƙin. A nan tafiyarsa ta yi nauyi. Ya cire takalmi ya gaida tsohon Bulama da Barbarci, suka daɗe suna gaisawa kamar ba a tsakiyar zaɓe ake ba. Daga nan ya ce, "Bulama, na gode, Allah ya saka. Amma ku ba 'yan mazaɓar nan ba ne. Layinku yana garinku."

Tsohon ya dogara da sandarsa. "Malam, garinmu toka ne. A ina za mu tsaya?"

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ta canza. "Za ku koma, Bulama. Za ku koma ku yi layinku, ku zaɓi naku. In na ƙirga ku a nan, na yarda ke nan ba za ku koma ba."

Tsohon ya ja mutanensa suka fice daga layin, amma ba su koma azuzuwa ba. Suka je gindin dogon yaron da ke gefen fili suka sake jeruwa, ɗaya bayan ɗaya, layi miƙaƙƙe sambal, ba kowa a gabansa. Suna nan tsaye har aka gama ƙirga. Shi ne layin da ya fi kowane kyau a filin, kuma shi kaɗai ba a ƙirga ba.

Mai kifi ya ci da ratar mutum goma sha ɗaya. Waɗanda Baba ya fitar da hannunsa sun haura arba'in.

A gida Umma ta ajiye masa burabisko, ta bari sai da ya kai loma ta uku. "Na ce kada ka waiwaya."

"Layin a karkace yake, Hajiya."

Da la'asar sai ga wanda ya yi nasara, takalmi a hannu, ya durƙusa yana ba da haƙuri kamar wanda ya fasa tagar aji. Baba ya shiga ɗaki ya fito da damin wasiƙun da ya rubuta a kan makarantar, ya ɗora masa a hannu, ya ce aikin gida ne. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, da irin fuskar da na tabbata da ita yake karɓar aikin gida tun yana aji uku.

Washegari ne kaɗai na taɓa ganin Baba yana jan ƙafa wajen zuwa makaranta. Na raka shi. Muka tarar da tsohon Bulama ya shimfiɗa tabarma a bakin aji. Ya matsa masa wuri, ya ce, "Malam, jiya ka kore mu a gaban jama'a, na kwana da haushinka. Amma tun da muka zo garin nan kowa cewa yake mu yi haƙuri. Kai kaɗai ka ce za mu koma, kuma na ga da gaske kake."

Ni kam na fi tsohon riƙo. Na yi watanni ina fushi, musamman in na ga yaran nan da tirensu na ruwa, domin sai bayan wasu shekaru aka kwashe baƙin aka buɗe makarantar, ba kuma wanda ya nemi shawarar Baba. Sai da na girma na gane abin da ranar ta koya mini: halin da ya tara masa mutane a baya, shi ne dai halin da ya sa ya sallame su. Ba a sayen irin wannan mutum rabi. In kana son wanda ba zai ci amanarka ba, to ka shirya, ba zai ci ta wani dominka ba, ko da kuwa kai da shi za ku kwana da asara. Nakan faɗa wa 'ya'yana haka da murya mai nauyi, in ce kakansu ya sadaukar da kujera sukutum saboda gaskiya.

Babban zaɓen kansilolin kuwa ba a yi shi ba. Saura mako biyu aka ɗage shi saboda tsaro, aka naɗa kantoma.