Malama Nereida, Wadda Ta Koya Mana Tambaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Nereida Pertuz a garinmu Ciénaga, tana da shekara sittin da ɗaya. A cikin aji ta yanke jiki ta faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Da rana aka kawo ta gidan shirya gawa inda nake aiki. Ni na yi mata wanka, na taje mata kai, na sa mata shuɗiyar rigar da mijinta ya kawo. Yau kwana takwas ke nan hawaye bai zo mini ba. Ina dai tashi in tafi aiki in dawo.

Malama, shekara goma sha tara da suka wuce, muna ajin ƙarshe na sakandare, kika tambaye mu abin da kowa zai zama. Mu talatin da huɗu, amsa uku kika samu: likita, lauya, ɗan ƙwallo. Kika ce ba laifinmu ba ne, sunayen da muka sani ke nan. Sai kika ba mu aikin da babu shi a manhaja. Kowa ya nemo mai sana'a, ya roƙi rabin awa, ya tambaye shi yadda ya fara, yadda yake wuni, da ranar da ta fi muni a aikin nasa. Kika hana mu roƙon aiki, kika ce dole mu koma da takardar godiya. Mai jin kunya a cikinmu kikan raka shi har ƙofa, ki tsaya a rana kina jira.

Wasu suka nufi tashar jiragen ruwa, wasu ofishin gonakin ayaba. Ni kuwa na ce wurin Baba Temístocles zan je, tsohon da ya shirya gawar mahaifina ina 'yar shekara tara. Kwana biyu mahaifina ya yi a cikin teku, amma tsohon nan ya gyara fuskarsa har muka iya kallonsa. Aji ya kwashe da dariya. Wilfrido, sarkin surutun aji, ya ce, "Dalgis, gara ke, masu zuwa wurinki ba sa ƙorafi." Ba ki tsawata masa ba. Cewa kika yi, "Ita dai ta san inda za ta. Kai fa?"

Rabin awa na roƙa, awa uku muka yi. Tsohon ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai farashin akwatin gawa.

Da na faɗa wa mahaifiyata aikin nan nake so, ta ce muddin na taɓa gawa, kada in ƙara taɓa kifin da take soyawa a bakin teku, kuma in manta da aure. Ta cire ni daga makaranta saura wata biyu jarrabawa. Ranar Lahadi sai ga ki a rumfarta. Ba ki kawo zancena ba. Kika sayi kifi da shinkafar kwakwa, kika zauna kina yi mata tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ita ma ai mai sana'a ce. Da kika zo kan ranar da ta fi muni, ta daɗe tana juya kifi, sannan ta ce ranar da aka fito da mijinta daga ruwa. Kika ce, "Maman Dalgis, wa ya maido miki da fuskarsa?" Washegari da sassafe ta tashe ni, ta ce, "Tashi ki tafi makarantar, mai kunnen ƙashi. Amma ki riƙa wanke hannu."

Ba duka muka dace ba, ke ma kin sani, akwai waɗanda suka bar ƙasar ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wilfrido yana gyaran injin kwale-kwale, shi ya ɗauki gaban akwatinki. Ni kuma kin zo bikina, kin yi rawa har takalminki ya tsinke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, Baba Efraín, da 'ya'yanki Marelvis da Hernando, da jikokinki uku, da ɗalibanki na bana waɗanda aka yi abin a gabansu. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Ke kuma Malama, Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Kin tsaya wa 'ya'yan mutane a ƙofofi da yawa. Allah ya sa ba ki jira ba a tasa ƙofar. Amin.