Kifin Ticha a Hannun Kaka

Kwanan baya na shiga wani kantin magani a Tina Junction cikin Jos, ina jira a haɗo mini abin da na zo saya, sai na ji ƙarar ruwa ɓul-ɓul-ɓul a bayana. Na waiwaya, ga akwatin gilashi, jajayen kifaye na kai-komo a ciki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Za ka ce mene ne abin faɗuwar gaba a kifin ado. To bari ka ji abin da ya faru a gidanmu na Nasarawa Gwom ina ɗan firamare.

Kakata ta wajen uba a ruga ta tashi, can bayan Naraguta, kuma ko da ta dawo cikin gari kiwo bai bar hannunta ba. Duk unguwa an san ta da riƙon amana. Mai tafiya ya kawo mata akuya, mai zuwa Hajji ya kawo tumaki. Abin alfaharinta shi ne dabba ba ta taɓa komawa wurin mai ita yadda ta zo ba, sai da ƙiba, wani lokacin har da ɗa. Ni kuwa "maigida" take kirana, irin wasan nan na kaka da jika.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani malamin sakandare, Kirista, kowa na ce masa Ticha. A falonsa na fara ganin kifi a cikin gilashi. Matarsa ce ta sayo su kafin ta rasu, shi ya sa yake ji da su, har hira yake yi musu. Da Kirsimeti ta matso zai tafi ƙauyensu, sai ya rage ruwan, aka kinkimo akwatin zuwa ɗakin Kaka, aka jona ɗan injin da ke hura musu iska. Ya miƙa mata wani ɗan gwangwani, ya haɗa yatsu biyu ya nuna mata.

"Mama, abeg, kaɗan kawai. Sau ɗaya a rana. Kifin nan ba ya son abinci da yawa."

Kaka ta ce masa ya tafi hankalinsa kwance. Yana fita ta taɓe baki ta ce, "Maigida, ka ga rowar 'yan boko? Wace dabba ce ba ta son abinci?"

Ai kuwa kifaye suka ga gata. Kafin mako ya zagayo gwangwanin ya ƙare, ta koma ba su dusa da tsakin masara, har da ɗan ɓarɓashin tuwo in ya kwana. Su kuma ba su san ƙoshi ba, da ta matso sai su taru suna buɗe baki, ita kuma ta ce yunwar shekara da shekaru suke ramawa. Ruwan da yake garai-garai ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ɗakin ya ɗauki wani irin ƙarni.

Ka san sanyin Jos a ƙarshen shekara, wanda ke sa man kaɗe ya daskare a kwalba. Cikin wannan sanyi wata safiya na leƙa, na ga fararen ɗige-ɗige sun feso a jikin kifayen kamar an barbaɗa musu gishiri. Wasu sun taso sama suna haki, wasu na goga jiki da duwatsun ƙasa. Wani mai doguwar jela cikinsa ya kumbura, yana iyo a rigingine. Na kwala wa Kaka kira.

Ta daɗe tana kallonsu, ba ta ruɗe ba. A rayuwarta ta ga shanu da yawa sun yi laushi sun tashi. A ruga in saniya ta yi sanyin jiki, kanwa ake ba ta, wannan ko yaro ya sani. Ta ɗauko jar kanwarta mai kyau wadda ko a miya ba ta yarda a taɓa, ta daka, ta jiƙa a ƙwarya, ta yi bisimilla ta juye musu.

Nan take kifayen suka zabura, suna zuwa da gudu suna karo da gilashi. Kaka ta yi murmushi ta ce, "Ka gani? Ƙarfi ya zo." Muka tafi harkokinmu. Kafin la'asar duk sun taso saman ruwa, fararen cikkuna a sama, babu mai motsi sai injin da ke ta ɓul-ɓul ɗinsa.

Ban taɓa ganin Kaka haka ba. Ta zauna daɓas a bakin gado, ta ɗora hannu a ka, salati kawai take yi. Ranar ko ruwa ba ta sa a bakinta ba. Babana ya ce abin mai sauƙi ne, akwai masu sayar da irinsu a cikin gari, a sayo masu kama da su a zuba, Ticha ba zai gane ba. Ta ɗago ta dube shi, har yau ina tuna kallon.

"In mayar wa mutum da saniyar da ba tasa ba, in ce tasa ce? Ni na haife ka kuwa?"

Abin da ta yi bayan nan ya fi mutuwar kifin girgiza mu. Ta tsame su ɗaya bayan ɗaya, ta shafe su da gishiri, ta jera a faifai ta shanya a kan rufin ɗakin girki, tana gadinsu da sanda saboda kyanwa da shaho. Mahaifiyata ta riƙe baki ta ce, "Inna, ba dai miya za a yi da su ba?" Kaka ta ce mata ba ta san kiwo ba. Dabbar amana in ta mutu, fatarta ake ajiyewa a nuna wa mai ita, don ya tabbata ba sayarwa aka yi ba, ba kuma ci aka yi ba. Kifi ba shi da fatar da za a feɗe, sai a busar da shi gaba ɗaya.

Bayan sabuwar shekara Ticha ya dawo, ya shigo da fara'a, ɗauke da tsarabar acca da doya. Kaka ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, ta ajiye faifan a gabansa, ta yaye ƙyallen da ta rufe shi da shi. Mutumin nan ya ja da baya ya ce, "Yesu!" Ta faɗa masa komai, dusar da tuwon da kanwar, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta nuna masa tunkiyarta da ta fi so, ɗaure a bakin ƙofa, ta ce ya kwance ya tafi da ita.

Bai ko kalli tunkiyar ba. Ya tsuguna ya ɗauki mai doguwar jelar nan, ya bushe ƙamas, ya ce a hankali, "Wannan ne madam ta fi so." Ya ɗauki faifan ya fita.

Daga ranar Kaka ta daina karɓar amana. Duk wanda ya jawo akuya sai ta ce hannunta ya lalace, a kai wani gida. Da wata Kirsimetin ta zagayo, sai ga Ticha da makullan gidansa gaba ɗaya. Kaka ta mayar da hannuwanta baya, ta ƙi karɓa. Ya ajiye su a kan tabarmarta ya ce, "Mama, ba ni da wani wurin kaiwa," ya tafi. Ta ɗaure su a bakin zaninta, ba ta kwance ba har ya dawo.

Kaka ta rasu, Allah Ya ji ƙanta. Ticha ma ya tashi daga unguwar a shekarun rikici da garin ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, ban san ko yana raye ba. Yau ina da gidana, da doguwar katanga da waya mai ƙaya a samanta. In tafiya ta kama ni, sai in tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu in dubi gidan dama, in dubi na hagu, sannan in jefa shi a aljihu.