Yamusa da Wayar Sensa

Yamusa mai gyaran wutar mota ne a Tungan Maje. Gwamnati ta ɗauke gonar mahaifinsa ta yi titi, shi kuwa ya ƙare a ƙarƙashin motocin masu bin titin. A shekarun da motocin Kwatano suka cika Abuja, kusan shi kaɗai ne a garejin ya san ƙaramar sensar nan da ke jikin salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa inji yawan man da zai sha. Ba shi da allon talla. Sunansa kawai ke kawo masa aiki.

Wata Talata Alhaji Umar Farouk, darakta a wata ma'aikata, ya dawo da motar da Yamusa ya sa wa sabuwar sensa mako biyu da suka wuce. Fitilar inji ta sake kamawa, mota na shan mai. A gaban kowa ya ce jabu aka sa masa.

Yamusa ya ɗauki mitar gwada wuta. Ya shige ƙarƙashin motar. Sensa lafiyarta lau. Ya bi wayoyin sensar guda huɗu da yatsa har bayan inji, ya tarar da biyu a gwaguye, ga ɓawon masara cushe a gefe.

"Oga, ina motar nan take hutun Asabar?"

"Gonata a Yangoji. Ina ruwanka?"

"Jikin rumbu kake ajiye ta. Ɓerayenka ne suka ci waya. Sauko ka gani."

"Na ji. Gyara kawai, ina da mitin."

"Ba zan taɓa ta ba sai ka gani da idonka. A tsaye ka ce ni ɓarawo ne."

Makanikai sun bar aiki, sun zuba ido. Alhaji ya dubi farar shaddarsa, ya dubi ƙasa mai baƙin mai. Ya san in ya tafi, wani gareji sensa ta uku za su sayar masa. Ya durƙusa, ya leƙa.

"Ɓera ne," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na baya ba su ji ba, oga."

Alhaji ya maimaita da ƙarfi. Sannan Yamusa ya jawo dalma ya fara haɗa waya.